Malami, Almajirinsa da Kifin da Ke da Wuyan Hannu

 

Kafin mu shiga magana ina da roƙo ɗaya. Duk wanda hannunsa ba ya kan sitiyari ko kan wuƙa, ya miƙa hannunsa na dama, ya sa na hagu ya matsa damtsensa. Ƙashi nawa ka ji? Guda ɗaya ne, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. To, gangaro ƙasa. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu ƙasusuwa biyu ne a jere, kuma in ka juya tafinka sama da ƙasa za ka ji ɗayan yana hawa kan ɗan'uwansa. A wuyan hannun akwai 'yan ƙananan ƙasusuwa guda 8, kamar tsakuwa a ƙulle cikin tsumma. Daga nan sai tafi da yatsu. Ɗaya, biyu, tsakuwoyi, yatsu. Ku riƙe mini wannan lissafi, za mu neme shi an jima.

Uwargida, ran da aka yanka kaza, in an gama da naman fiffike kada ki yi saurin zubar da ƙashin. Ki dube shi da kyau. Ɗaya ne a sama, biyu na biye da shi, sannan guntayen da suka manne da juna a ƙarshe. Jemage ma haka yake, sai dai yatsunsa sun yi zaƙo-zaƙo, fata ta lulluɓe su. Kada haka, ƙadangare haka. Mahauta kuwa sun fi kowa sanin ƙafar rago, amma wataƙila ba a taɓa gaya musu ba cewa abin da muke kira gwiwa a ƙafar rago ta gaba, a lissafin ƙashi, wuyan hannu ne. Gwiwar hannun tasa tana can sama, kusa da ƙirji.

Wani masani ɗan Ingila mai suna Richard Owen ya rubuta littafi a kan wannan tsari a shekarar 1849. Tun daga lokacin masu nazarin ƙirar jikin dabbobi masu ƙashin baya suke bin sawun tambaya ɗaya: a ina wannan tsari ya faro? Amsar da suka tattara daga ƙasusuwan da suka daɗe a ƙasa har suka zama dutse ita ce, a jikin wasu kifaye ya faro, tun kafin a sami wata dabba mai ƙashin baya da ke tafiya a tudu.

Na san akwai mai sauraro da ya riga ya haɗe gira. Baba, ka yi haƙuri ka saurare ni. Ni ba wa'azi na zo yi ba, kuma ba ni da ilimin da zan zauna a kujerar malamanmu na addini. Tambayar aƙida a kai ta wurinsu. Abin da na kawo yau shi ne labarin abin da wasu mutane suka tono daga dutse, da yadda suka karanta shi, da kuma abin da ya fi tsaya mini a rai: yadda wannan ilimi ya bi daga hannun malami zuwa hannun almajiri, daga almajiri zuwa nasa almajirin. Kuma duba ƙashi da ido ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulmi. Kimanin shekarar 1200, lokacin wata muguwar yunwa a Masar, likita Abdullaɗif al-Bagdadi ya duba ƙasusuwan mutane masu ɗimbin yawa a kusa da Alƙahira. Littattafan Jalinus, babban likitan zamanin Rumawa, sun ce muƙamuƙin ƙasa na mutum ƙashi biyu ne. Abdullaɗif ya duba, ya sake dubawa, ya ga guda ɗaya ne, kuma ya rubuta abin da ya gani. Gani ya kori ji.

To, bari mu tafi Amurka.

An yi wani malami a Jami'ar Harvard mai suna Farish Jenkins. An haife shi a 1940. Ya yi aikin soja har ya kai muƙamin kyaftin, sannan ya koma karatu a Jami'ar Yale, a ƙarƙashin wani masani haifaffen Afirka ta Kudu mai suna Alfred Crompton. Digirinsa na digirgir a kan ƙasusuwan wasu daɗaɗɗun dabbobi ne da aka tono a Afirka, waɗanda masana ke lissafa su a dangin da dabbobi masu shayarwa suka fito daga ciki. A 1971 ya koma Harvard, kuma a can ya zauna har ƙarshen rayuwarsa, yana koyar da ɗaliban likitanci ƙirar jikin mutum, yana koyar da ɗaliban ilimin dabbobi ƙasusuwan da suka zama dutse.

Waɗanda suka zauna a gabansa sun ba da labarin yadda yake koyarwa. Tun kafin ɗalibai su shigo zai zo aji da alli kala-kala, ya feƙe bakin allin ya yi tsini, ya tsaya a gaban allo yana zana ƙashi da tsoka da jijiya, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ɗalibi ya shigo ya tarar allon ya cika da zane kamar an buga shi a littafi. Ran da zai koyar da yadda mutum ke tafiya kuwa, sai ya ɗaura ƙafar katako ya riƙa takawa a gaban aji, don ɗalibai su gani da idonsu abin da ke ɓacewa daga tafiya idan babu idon sawu da tafin ƙafa. Ku duba fa, babban farfesa ne, sunansa ya kai ko'ina, amma yana ba darasin awa ɗaya irin wannan hidima. Ni a wurina daga nan ake gane malami.

A bincike ma haka yake, ba ya yarda da zato. Idan an tono ƙashi, shi tambayarsa ita ce, yaya wannan ƙashi yake motsi lokacin da dabbar take da rai? Sai ya ɗauko dabbobi masu rai ya sa su tafiya a gaban na'urar hoton ƙashi, irin wadda ake ɗaukar hoton karaya da ita a asibiti, amma tana ɗauka kamar majigi. Shi da abokan aikinsa biyu sun sa wasu ƙananan tsuntsaye tashi a cikin wani bututu da ake hura wa iska, suna kallon ƙasusuwansu. A 1988 suka bayyana cewa ƙashin nan mai baki biyu kamar gwafa da ke gaban ƙirjin tsuntsu, wanda yara ke ja in an ci kaza, yana buɗewa yana rufewa kamar sifirin duk lokacin da tsuntsun ya kaɗa fiffike. Shekara da shekaru mutane suna riƙe wannan ƙashi a hannu, sai da aka sami wanda ya ce a tsaya a kalla.

Cikin almajiran wannan malami akwai wani saurayi mai suna Neil Shubin, haifaffen 1960. Shi da kansa ya ba da labarin fitarsa ta farko zuwa daji tare da ayarin malaminsa, a hamadar Arizona. Ya karanta littattafai, ya san sunayen ƙasusuwa, ya ci jarrabawa. Da gari ya waye kowa ya kama hanyarsa cikin duwatsu. Da yamma sai ga mutane sun dawo da jakunkuna cike da haƙora da guntayen ƙashi, shi kuwa jakarsa wayam. Gobe haka, jibi haka. Ƙasar da suka taka ita ya taka, ranar da ta doke su ita ta doke shi, amma shi tsakuwa kawai yake gani.

Me ya yi? Ya ajiye girman kai, ya liƙe wa wani gogaggen ma'aikacin gidan adana ƙasusuwa na jami'ar mai suna Chuck Schaff. Duk inda dattijon ya sa ƙafa yana biye da shi, yana tambaya, yana kallon inda yake kai idonsa da abin da yake tsugunawa ya ɗauka. Dattijon bai kore shi ba, bai ce ya cika tambaya ba. Ana nan wata rana sai wani ɗan abu ya yi ƙyalli a ƙasa, ƙyallin da ya bambanta da na tsakuwa. Haƙori ne. Daga ranar idonsa ya buɗe. Wurin da ya wuce jiya bai ga komai ba, yau ƙashi yake gani ko'ina.

Jama'a, wannan labari ai namu ne. Ɗan tireda da ke koyon gane tsabar kuɗin jabu, yaron mahauci da ke koyon inda wuƙa za ta bi ta raba gaɓa ba tare da ta taɓa ƙashi ba, yarinyar da uwarta ke koya mata gane tuwon da ya nuna daga ƙamshinsa, makiyayin da ke duban sawu a turɓaya ya ce saniya kaza ce ta wuce: wane ne cikinsu ya koya daga takarda? Akwai ilimin da ba ya shiga littafi, sai ka tsaya kusa da mai shi har ya shafe ka. Binciken kimiyya ma yana da irin wannan ɓangaren, kuma shi ne ɓangaren da ake yawan mantawa in ana lissafin abin da jami'a ke bukata.

Shubin ya gama digirinsa na digirgir a 1987, ya sami aikin koyarwa a Jami'ar Pensilvaniya da ke birnin Filadelfiya. Almajiri ya zama malami, sai ga shi da nasa almajirin, Ted Daeschler. Ba su da kuɗin tafiya ƙasashe masu nisa, don haka suka riƙa bin manyan hanyoyin jiharsu, suna duba wuraren da masu aikin titi suka fasa dutse don hanya ta wuce. A irin wannan wuri, a 1993, Daeschler ya tsinci ƙashin kafaɗar wata daɗaɗɗiyar dabba mai ƙafa, wadda ta rayu shekaru fiye da miliyan 360 da suka wuce. Almajirin ne ya gano, kuma da aka wallafa sakamakon sunansa ne a gaba.

Sai dai wannan dabba ta riga ta sami ƙafa. Su kuma abin da suke nema yana gabanta. Ga yadda suka yi lissafi. A duwatsun da suka kai kimanin shekara miliyan 385, kifaye ake samu. A waɗanda suka kai miliyan 365, an fara samun masu ƙafa da yatsu. Ashe ke nan a nemi dutsen da ke tsakani, mai kimanin shekara miliyan 375, wanda ya taru daga laka da yashin ƙoramu, kuma yana fili, ba ciyawa ko gini a kansa. A ina za a same shi? Suna cikin wata gardama a ofis sai suka buɗe wani tsohon littafin ɗaliban digirin farko na ilimin duwatsu, suka ci karo da taswira. Ta nuna irin dutsen da suke so a tsibiran ƙarshen arewacin Kanada, inda babu wanda ya taɓa zuwa neman wannan abu.

Wurin ba wurin wasa ba ne. Babu gari, babu hanya, babu bishiya. Jirgi mai saukar ungulu ne zai ajiye ku ya tafi. A 'yan makonnin da sanyi ke sassautawa rana ba ta faɗuwa, dare da rana gari a waye yake, ga kuma farar dabbar nan ta ƙanƙara da ake kira beyar, wadda ke iya cin mutum. Wa ya san irin wannan ƙasa? Farish Jenkins, wanda ya yi shekaru yana jan ayari zuwa Girinlan. Sai Shubin ya koma wurin malaminsa ya ce, Malam, ka zo mu tafi. Malamin ya amsa. Ya ɗauki bindigarsa da ƙwarewarsa ya shiga aikin da almajirinsa da jikansa na karatu suka ƙirƙiro. Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Malamai nawa ne za su yarda su bi ayarin da yaronsu ya tsara?

Fitar farko a 1999 ba ta yi kyau ba. Sun sauka can yamma, suka tarar duwatsun na tsohon ƙasan teku ne, ba na ƙorama ba. Suka dawo ba abin da suka je nema. A 2000 suka matsa gabas, zuwa tsibirin Ellesmere. Wata rana mafi ƙanƙantar ayarin, wani ɗalibin digirin farko mai suna Jason Downs, bai dawo sansani a kan lokaci ba. Hankali ya tashi, ana shirin fita nemansa, sai ga shi ya faɗo cikin tanti. Ya fara zazzage aljihunansa, na riga da na wando, guntayen ƙashin kifi suna zuba a kan teburi. Ya gano wurin. Amma gano wuri daban, samun abin nema daban. Suka koma a 2002, suka yi ta haƙa, sai guntaye. Kuɗi ya kusa ƙarewa, kuma sun san fitar 2004 ita ce ta ƙarshe.

A watan Yulin 2004, wani daga cikinsu mai suna Steve Gatesy yana fasa dutse sai ya ga hancin wata dabba ya leƙo. Kan shimfiɗaɗɗe ne kamar na kada, ba irin kan kifin da aka saba gani ba. Kafin su tashi sun sami guda uku. Suka naɗe duwatsun da filasta, irin wadda ake ɗaure karaya da ita, jirgi ya kwashe. Daga nan aiki ya koma hannun wasu mutane da ba a cika jin sunansu ba, masu share dutse daga jikin ƙashi: Fred Mullison a Filadelfiya da Bob Masek a Shikago, inda Shubin ya koma da aiki. Wata da watanni suna zaune a gaban madubin ƙara girma da ɗan tsinke kamar allura, suna cire dutse ƙwaya-ƙwaya.

Abin da ya fito kifi ne, babu musu. Yana da ɓawo a bayansa irin na kifi, fiffikensa na da ƙayoyi irin na kifi. Amma kansa ba a manne yake da kafaɗa ba, yana da wuya, zai iya juya kai jiki na tsaye. Haƙarƙarinsa masu faɗi ne, suna hawa kan juna. Da aka buɗe cikin fiffiken gaba kuwa, ku tuna lissafinmu: ƙashi ɗaya, sannan biyu, sannan ƙananan ƙasusuwa masu gaɓa da ke lanƙwasa kamar wuyan hannu. Yatsu ne kawai babu. A nan ilimin Jenkins na shekaru ya yi rana, domin shi ya ƙware a karanta gaɓa ya faɗi yadda take motsi. Suka nuna cewa wannan kifi yana iya dogara ƙirjinsa a kan fiffikensa ya ɗago, a cikin ruwa marar zurfi.

Da aka zo raɗa suna, ba su yi gaban kansu ba. Ƙasar ta mutanen Inuwit ce, yankin Nunavut, don haka suka nemi shawarar majalisar dattawan yankin. Dattawan suka ba da suna da harshensu, Tiktaalik, wato wani babban kifin ruwan daɗi. A ranar 6 ga Afrilun 2006 mujallar Nature ta fito da maƙala biyu a kan kifin. A ta farko sunan Daeschler ne a gaba. A ta biyu sunan Shubin ne a gaba. A duka biyun sunan Jenkins, babban cikinsu, shi ne na ƙarshe. Ƙasusuwan kuma daga baya an mayar da su Kanada, ana ajiye da su a matsayin dukiyar mutanen Nunavut.

Kada wani ya ɗauka magana ta ƙare a nan. A 2010 wasu masana suka ba da rahoton wasu alamu a dutse a ƙasar Poland, waɗanda suka ce sawun dabba mai ƙafa ne, kuma sun girmi Tiktaalik, don sun kai kimanin shekara miliyan 390. Har yau ana muhawara a kansu. Masana ba su ce wannan kifi shi ne kakan kowa ba. Abin da suke cewa shi ne ɗan dangi ne na kusa, wanda jikinsa ya nuna yadda tsarin ya kasance. Haka bincike yake tafiya, kuma malamin kirki tun farko yake shirya almajirinsa ya saba da jin an ce masa, ga sabuwar hujja, sake duba naka.

Farish Jenkins ya rasu a ranar 11 ga Nuwamban 2012, yana da shekara 72. A 2014 almajiransa suka fitar da bayanin ƙashin ƙugun Tiktaalik, wanda ya fito daga cikin duwatsun da suka kwaso tare. Suka sa sunansa a cikin marubuta, domin da shi aka fara aikin.

Yanzu bari mu dawo gida, domin labarin ya biyo ta ƙofarmu. Kun san gaiwa. Kifin nan da in ruwa ya janye a fadama yake shigewa cikin laka ya kwanta, yana shaƙar iska da huhu, har damina ta dawo, shi ya sa mutanenmu ke cewa jikinta take ci. A wurin masana, gaiwa da 'yan uwanta masu huhu su ne kifayen da suka fi kusa da dabbobi masu ƙafa huɗu cikin duk kifayen da ke raye. A 2011 wata ɗaliba a Jami'ar Shikago mai suna Heather King, tare da malamanta ciki har da Shubin, ta ɗauki bidiyon gaiwa irin tamu ta Afirka ta Yamma a cikin tanki. Ta nuna cewa tana amfani da siraran fikafikanta na baya tana takawa a ƙasan ruwa, tana ɗaga jikinta. Kifin da yaranmu ke tonowa a fadama, an kai shi Shikago, ɗaliba ta yi suna da shi.

Ba gaiwa kaɗai ba. A ƙasar Goronyo ta jihar Sakkwato an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, masana daga Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus a 1972. Akwai zamanin da teku ya rufe wannan yanki, kuma farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi a ƙarƙashin ruwan teku ya taru. A Nijar kuwa, a Gadufawa cikin Tenere, Bafaranshe Philippe Taquet ya yi aiki tun shekarun 1960. Bayansa Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya zo da ɗalibansa, suka bayyana wata ƙatuwar dabba mai haƙora fiye da 500, suka sa mata suna Nigersaurus taqueti a 1999, don girmama ƙasar da kuma wanda ya riga su. Mai zuwa Yamai yana iya shiga gidan tarihi na Bubu Hama ya ga irin waɗannan ƙasusuwa da idonsa. Ƙasa tamu, ƙashi namu, amma yawancin sunayen da ke kan maƙalun na baƙi ne. Ba na jin haushin baƙin, sun zo sun sha rana sun yi aiki. Abin da ke ci mini rai shi ne, ina namu jerin malamin da almajirin?

Kuma abin mai yiwuwa ne. A Masar, wani masani mai suna Hesham Sallam ya gama digirinsa a Oxford ta Ingila a 2010, ya koma Jami'ar Mansura, ya tara matasa maza da mata yana fita da su hamada. A 2018 suka bayyana wata daɗaɗɗiyar dabba da suka tono da hannunsu, suka sa mata sunan jami'arsu, Mansourasaurus. Mutum ɗaya ne ya dawo gida ya ce sai ya yi almajirai.

Zan gaya muku abin da ya sa na ɗauko wannan magana. Ɗan yayata yana shekarar ƙarshe a wata jami'a, yana karanta ilimin dabbobi, aka ba shi furojet a kan ƙasusuwan kifi. Ya zo mini hutu da takardu a hannu. Na tambaye shi, sau nawa ka zauna da sufabaizanka? Ya ce sau biyu, Kawu: ran da ya ba ni taken aikin, da ran da ya ce in gyara babi na ɗaya. Na ce, kifi nawa ka buɗe? Ya sunkuyar da kai. Ko ɗaya. Duk zanen da ke cikin takardun daga intanet ya ciro. Washegari na ɗauke shi muka tafi kasuwa wurin wata dattijuwa mai gyaran kifi. Ta ɗauki tarwaɗa, ta sa wuƙa, ta ce, ɗana, kawo yatsanka, taɓa nan. Ta nuna masa ƙayar fiffiken da ke kullewa in kifin ya miƙe ta, da yadda ake murza ta kafin ta kwanta. Yaron ya tsuguna a gaban tire, hannunsa duk jini da yauƙi, yana ta tambaya har rana ta take. A hanyarmu ta komawa ya ce mini, Kawu, shekara huɗu ban taɓa ganin wannan ba. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Ba na ɗora laifin duka a kan malamin. Na san halin da malaman jami'o'inmu ke ciki: ɗalibai sun fi ƙarfin mutum ɗaya, albashi ba ya kai wata, ɗakin gwaji babu kayan aiki, wani lokaci ko wuta babu. Amma ku tuna, Shubin da Daeschler da ba su da kuɗi gefen titi suka bi. Abin da dattijo Schaff ya ba Shubin a Arizona bai ci ko sisi ba, bari kawai ya yi yaron ya bi shi.

Don haka malamaina na jami'a da kwalejoji, ina roƙonku don Allah. Cikin ɗaliban da aka jibga muku, ku zaɓi ko biyu ne da kuka ga idonsu na neman buɗewa. Ku fita da su fadama, ku kai su mayanka, ku zauna tare ku dafa kan rago ku ware ƙasusuwansa ɗaya-ɗaya. In ɗalibi ne ya gano abu, sunansa ya zo a gaba. Kai kuma ɗalibi, kada ka zauna jiran a kira ka. Ka je ofishin malaminka da ƙashi a hannu da tambaya a baki, in ka tarar ba ya nan ka koma gobe.

Ku kuma iyayena manoma da masu haƙar rijiya da masu fasa dutse, musamman a ƙasar Sakkwato da Tawa da Agadas, in kun ci karo da wani abu mai kama da ƙashi ko haƙori a cikin dutse, kada ku farfasa shi, kada ku sayar wa mai wucewa. Ku bar shi inda yake, domin wurin da aka same shi rabin labarinsa ne. A sa yaro ya ɗauki hotonsa da waya, a shaida wurin, a sanar da mai gari, sannan a kai labari sashen ilimin duwatsu na jami'a mafi kusa ko gidan tarihi.